Ƙafar Hadijatu

Magret ta durƙusa da bandeji a hannu, ta latsa idon sawun Hadijatu. Yarinyar ta cije leɓe. Wurin ya kumbura suntum, ga shi saura minti ashirin a kira ta a gasar alkafura ta hau katakon wasa da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

"Yalla, maza, Magret, fesa mata magani ki ɗaure," in ji Madam, mai horar da yaran, da Turancinta mai kaushi. Ko kallon ƙafar ba ta yi ba.

Zuciyar Magret ta tafasa. Shekara huɗu ke nan tana aiki a wannan kulob na wasan alkafura a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, kuma a bizarta mai shara aka rubuta. Ita da ta ci lambobin zinariya uku a wannan wasa a gida Najeriya tana 'yar shekara sha biyar, wai mai shara. Amma in ciwo za a ɓoye, an san inda take, don babu mai iya ɗauri kamarta. A jikinta ta koya.

"Wannan ya wuce targaɗe, ƙashi ne ya tsage," ta ce.

"Ke likita ce? Khalas, magana ta ƙare. Ki ɗaure, ko ki tattara kayanki."

Bizarta a hannun kulob take, kuma Madam ta san da haka.

Hadijatu ta riƙo hannunta, ta yi ƙasa da murya. "Anti Magret, don Allah ki ɗaure mini. Shekara guda ina jiran yau."

Abin da ya fi ƙona wa Magret rai ke nan. Haka ita ma ta taɓa roƙo.

Ta ajiye bandejin, ta nufi wurin 'yan kallo tana ɗingishi. Hajiya Sauda, uwar yarinyar, mai sarin atamfa a kasuwar Deira, har ta saita waya za ta ɗauki bidiyo.

"Hajiya, kada ki bari ta hau."

"Haba Magret, ai Madam ta ce ba komai. Ko kin fi ta sani ne?"

Magret ta zauna a ƙasa gaban jama'a, ta cire takalmi, ta zare safa. Ƙafar ta karkace ciki, ga tabon ɗinki ya zagaye idon sawun.

"Ni ma ba komai aka ce mini. Na hau, na dira, aka tafa. Tun ranar ban sake gudu ba, ko bas zai tafi ya bar ni. Wanda ya ce in hau, girma aka ƙara masa, ni kuwa ga ni ina goge muku katifu."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙafar. Sai ta jefa wayar a jaka ta miƙe. "Hadijatu, zo mu tafi asibiti."

Madam ta nuna wa Magret ƙofa da yatsa.

A bakin ƙofar suka haɗu, yarinyar tana rataye a kafaɗar uwarta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wallahi ba zan yafe miki ba, Anti."

Magret ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalminta.

"Na ji. Nan da shekara ashirin ki nemo ni ki zage ni son ranki," ta ce. "Amma ki zo a guje."