Agogon Shekarar da Ba a Yi Hatsari Ba

Ni dai tun ranar da lauya ta cire tabaranta ta murje ido na san maganarmu ta yi tsami.

Maigidana a kamfanin kwanon rufi yake aiki, a kan injin da ke matse kwano. A bakin ƙofar kamfanin akwai wani ƙaton allo da ake rubuta kwanakin da aka yi ba hatsari. Idan shekara ta cika allon bai koma sifili ba, kowa yana samun kyauta da ƙarin albashi. Saboda haka ma'aikatan suka ɗauki wata mummunar ɗabi'a: duk wanda ya ji ciwo, sai su rufe.

Ranar da injin ya kama masa hannun hagu, saura kaɗan shekara ta cika. Dogo, amininsa da suke kan inji ɗaya, shi ya tuɓe masa rigar aiki, ya naɗe hannun da ita, suka fitar da shi ta ƙofar baya. A asibiti likita ya tambayi abin da ya faru. Bawan Allah nan, jini na zuba, ya buɗe baki ya ce babur ne ya kayar da shi. Haka aka rubuta. Daga baya ciwon ya ruɓe, aka yanke shi daga wuyan hannu.

"Baban yara, me ya kai ka?" Na tambaye shi ya fi a ƙirga.

"To in hana mutane abincinsu?" Abin da yake cewa ke nan, ya juya fuska bango.

Kamfani suka ce su ba ruwansu da hatsarin titi, suka sallame shi. Ni na ja shi zuwa ofishin lauyar, wani ɗan ɗaki a saman shagon tela, fankarsa sai ƙara ba iska. Mace ce mai kirki, ba ta yi mana ƙarya ba.

"Doka tana bayanku, Baba," in ji ta. "Diyyar hannu haƙƙinka ce. Amma asibiti ya ce babur, kamfani ya ce babur, kai ma da bakinka ka ce babur. Ku samo mini mutum ɗaya da zai tsaya ya ce a kan inji abin ya faru. Ɗaya tak."

Mutum ɗaya! Na bi gidajen abokan aikinsa har takalmina ya tsinke. Wannan ya ce yana banɗaki lokacin, wancan ya ce ranar yana hutu. Kai ka ce injin shi kaɗai yake aiki a kamfanin. Dogo kuwa ya daina ɗaukar wayata, mutumin da ya ci tukunyata har ya san inda nake ajiye cokali.

Sai ga shi ranar wata Asabar da hantsi, ya yi sallama. Wallahi na yi murna, na zaci shaida ya zo bayarwa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, har ina tsokanarsa wai ashe yana raye.

"Matarmu, a yi haƙuri," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni ma 'ya'ya gare ni. In na yi magana, gobe ina waje."

"To me ya kawo ka?"

Ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu. Shekara ta cika, an raba kyauta, su kuma suka roƙi manaja a saka da sunan maigidana, tunda da shi aka faro. Wai sun yi masa ƙoƙari ke nan. Ban san sanda na ce masa ya tashi ya bar mini gida ba, ya fita ko ruwan bai sha ba.

Maigidana ya danne akwatin da gwiwa ya buɗe. Agogon hannu ne, a bayansa an zana: Shekara guda ba hatsari. Ya daɗe yana kallonsa. Na yi zaton zai yi jifa da shi, na ma matsa gefe.

Sai ya ɗora shi a kan hannun dama, ya yi ta fama da maɗaurin da haƙori, yana zamewa. Can ya miƙo mini.

"Kira lauya ki ce ta bar maganar," ya ce. "Zo ki ɗaura mini, ba na iyawa."