Duwatsun Gangaren Haggai

Gonar Haggai tana gindin tudu ne, a kan hanyar Dabai, daidai inda gidajen Zuru suka fara ƙarewa. Ba wata babbar gona ba ce, amma ita ke ciyar da shi da matarsa Talatu da 'ya'yansu huɗu. Abin da ya riƙe gonar nan shekara da shekaru shi ne layukan duwatsu bakwai da mahaifinsa ya jera a gicciye a jikin gangaren. In ruwa ya gangaro daga tudu da ƙarfinsa, sai ya ci karo da layin farko ya rage gudu, ya ci karo da na biyu ya ƙara lafawa, kafin ya iso ƙasa ya zama ruwan da shuka ke sha.

Da tsohon ya rasu aka raba wurin biyu. Haggai ya samu ƙasa da layi biyu, ƙanensa Philip ya samu sama da layi biyar. Philip bai taɓa son noma ba, saboda haka bara ya sayar da nasa ga Alhaji Maharazu, wani mai fataucin hatsi da ke son gina ɗakunan ajiya. Philip ɗin ya kuma karɓi aikin kula da leburorin ginin.

Unguwar tana da dokarta a kan irin wannan gini. Tun shekarar da kwazazzabo ya cinye gidaje uku a bayan kasuwa, mutane suka zauna gaban mai unguwa suka yanke magana. Duk mai gini a gangare ba zai taɓa layin dutse ba, ba zai kankare baƙar ƙasa ya fitar da ita ba, sai ya fara gina magudanar ruwa har zuwa rafi, mai unguwa ya zo ya gani da idonsa. Wanda ya ƙi ji, a tsayar da aikinsa a kai shi gaban hakimi. Alhaji Maharazu ya san wannan, ya kuma amsa da bakinsa. Sai dai ranar Alhamis ya tafi Bena sayen masara, tifar da za ta kawo dutsen harsashin ginin kuwa ta lalace a hanya. Philip ya dubi ramin harsashi a buɗe, ya dubi duwatsu birjik a jere a gabansa, ya ce wa leburori su kawo baro.

Talatu ce ta fara gani, ranar Juma'a da hantsi, tana cire ciyawa a cikin dawar da ba ta wuce tsawon hannu ba. Ta hau ta samu Philip. Tsakaninsu akwai wasa irin na matar wa da ƙanen miji, don haka da wasan ta fara. Ta ce ashe yunwa ta kai shi ga cin dutse, ya sauko ta zuba masa tuwo mana. Philip ya yi dariya ya ce matar Yaya ta cika tsoro, layi ɗaya kawai zai ara, in tifa ta zo ya mayar. Ta nuna masa gabas inda hadari ke taruwa kullum da yamma, ya ce wannan hadarin kwana huɗu ke nan yana yi musu barazana bai zubar da ko ɗigo ba.

Da ta faɗa wa Haggai, sai ya sa hula ya nufi gidan mai unguwa. Mai unguwa ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ramin ya ce a ajiye baro, kada a sake ɗaga ko tsakuwa sai Alhaji ya dawo an ga magudana. Philip ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe an gama. A lokacin layi biyu sun riga sun shiga rami.

Washegari Asabar mai unguwa ya tafi jana'iza Kanya. Talatu na dama kunu ta ji ƙarar diga daga sama. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara wa murhu itace, ta shiga yi wa Haggai hirar akuyar maƙwabta don kada kunnensa ya kai can. Amma ya ji. Ya ajiye moɗa ya fita ko takalmi bai sa ba, ita kuma ta bi shi da ludayi a hannu ba ta ma sani ba.

Kafin su isa, layi na uku da na huɗu sun tafi. Na biyar, wanda ke kan iyakar gonakin biyu, Philip da kansa yake ɓanɓararsa da diga. Leburori sun kuma kankare baƙar ƙasar wurin sun tara ta gefe don a sayar wa masu lambu, gangaren ya koma ja fes kamar an feɗe shi.

Haggai bai yi sallama ba. Ya kama baron da wani lebura mai suna Francis ke turawa, ya kifar da shi.

"Philip, da hannunka?" ya ce. "Kai da ka ɗauko wasunsu a kanka kana kuka, Baba na bin ka da bulala?"

"Yaya, wurin nan ba naka ba ne, ba kuma nawa ba ne yanzu. Ka sauka."

Haggai ya kama ƙotar digar. Suka yi ta ja, kowa na huci, har Haggai ya saki hannu ɗaya ya wanka wa ƙanensa mari. Philip ya tsaya kamar bai gane abin da ya faru ba, sannan ya kai masa naushi a baki. Talatu ta ga haƙori ya faɗi cikin jar ƙasa. Ta roƙi leburori su raba, Francis ya ce faɗan 'yan uwa ne, wanda ya shiga shi za a bar wa laifi, suka ja baya suka tsaya kallo.

Haggai ya girmi Philip da shekara goma sha biyu, noma ya cinye masa baya, amma ya sunkuya ya sure shi ya maka da ƙasa. Suka yi ta birgima a kan tsakuwa, riguna suka yage, jini da ƙasa suka cakuɗe har ba ka gane fuskar wani. Philip ya lalubo digar ya ɗaga ta, ya sauke ƙotar a hannun yayansa. Ƙarar da Talatu ta ji irin ta busasshen kara ce in an taka shi. Haggai ya yi wani irin kuka da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Philip ya haye ƙirjinsa ya shaƙe masa wuya da hannu biyu, yana cewa tun suna yara ake danne shi, yau ya ƙare.

Talatu ta kira sunan Philip sau uku. Ta ja rigarsa, ya ture ta da gwiwar hannu ta faɗi zaune. Ta ga ƙafafun mijinta suna shure-shure, sannan suka fara sanyi. Hannunta ya faɗa kan wani dutse daga cikin waɗanda aka kifar, mai girman ƙwarya. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta sauke a bayan kunnen Philip.

Ya sulale gefe ba ko motsi. Jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Leburori biyu suka zubar da shebur suka gudu, Francis kaɗai ya ce bari ya nemo 'yan kabu-kabu a bakin titi. Talatu ta kwance ɗankwalinta ta danna a kan raunin, ta ɗora kan Philip a cinyarta. Haggai na gefe yana tari, yana jan numfashi da ƙyar, hannunsa a lanƙwashe ta inda babu gaɓa.

A haka iska ta taso, gari ya yi duhu tun azahar ba ta yi ba, ruwa ya kece.

Daga inda take zaune tana ganin komai. Ruwan ya gangaro daga tudu ja wur, bai tarar da abin da zai tare shi ba. Ya haɗu wuri guda ya bi ta gibin da Philip ya buɗe a layi na biyar, ya faɗa gonarsu. Layukansu biyu suka riƙe na ɗan lokaci, sannan na sama ya ɓalle a tsakiya. Ta ga dawarta tana kwantawa kunya bayan kunya, ta ga baƙar ƙasar da suka shekara tara suna zuba wa taki tana tafiya. Gibin bai fi taku goma daga inda take ba, ga duwatsu a zube, da ta tashi ta jefa biyar ko shida a ciki da wataƙila ruwan ya rabu. Haggai ya nuna mata wurin da hannunsa mai lafiya, bakinsa na motsi. Ta ɗaga tafinta kaɗan daga kan Philip, jini ya sake tsartuwa ta tsakanin yatsunta. Ta mayar da hannun ta danna, ta kau da kai daga gonar. Haka ta zauna har Francis ya dawo da babura biyu.

Philip bai mutu ba. An yi masa ɗinki goma sha ɗaya, kunnen hagu kuma ya daina ji. An ɗaure wa Haggai hannu, likita ya ce kada ya taɓa fartanya sai bayan wata uku, wato bayan damina ta yi nisa. Da mai unguwa ya dawo ya kai maganar gaban hakimi, aka tsayar da ginin, aka ce Alhaji Maharazu ya tono duwatsun daga harsashi ya mayar, ya gina magudana. Alhaji ya ce ya yarda, laifin na wanda ya wakilta ne amma wurin nasa ne. Ita kuma Talatu aka ce ta je ofishin 'yan sanda ranar Talata da ƙarfe goma ta yi bayani.

Abin da hukunci bai iya mayarwa ba shi ne ƙasar. Rami ya tsaga gonar biyu, zurfinsa ya kai ƙugu, kusan rabin wurin ya koma tsandauri. Ƙasar kuwa tana can bakin titi, ta toshe kwalbati, ta cakuɗe da yashi da ledoji.

Ranar Talata da sassafe Talatu ta ɗauki daro da gammo ta sauka bakin kwalbatin. Tana tsince leda, tana ɗibar inda ya fi baƙi, tana hawa da shi tana juyewa a bakin ramin. Wata maƙwabciya mai suna Maijidda ta tsaya ta tambaye ta ko ta san daro nawa zai cike wannan wuri. Talatu ta ce ba ta sani ba. Ta yi sahu goma sha huɗu, sannan ta wanke ƙafa a kududdufi, ta sake zane, ta kama hanyar ofishin.