Gida Biyar da Aka Bari Fari

A ofishin taswira aikin a rabe yake. Yaya ne mai hawa duwatsu da na'urar awo, ƙanwarsa Auta kuma tana gaban tebur tana zana abin da ya rubuto a littafinsa. Ƙa'idar ba wuya: gidan da ke da mutane a yi masa ɗan akwati a cike da baƙar tawada, kufai kuwa a bar cikinsa fari.

Shekara tara suna haka, ko "ka tabbata?" ba ta taɓa ce masa ba. In Yaya ya ce tsayin dutse kaza ne, to magana ta ƙare.

Da ya dawo daga awon kwarin da za a tare ruwa a yi dam, ya dire mata littafi da kwalbar zuma. "Kawu ya ce a ba ki." Kawunsu can bayan duwatsu yake zaune, ita ba ta taɓa zuwa ba. Ta lashi zuma, ta zana kwarin, ta bar akwati biyar fari fat yadda littafi ya nuna, ta sa hannu a ƙasa.

Bayan wata huɗu sai ga Kawu a ofis, takalmi duk laka, da takarda da kwafin taswira a hannu. An ba su kwana talatin su tashi, ba kuma inda za a mai da su, don taswira ta ce ba kowa a wurin.

Auta ta bi kwatancensa da yatsa, daga rafi zuwa tsagin dutse. Yatsan ya tsaya cak a kan akwati biyar ɗin nan.

Ta sami Yaya a baranda yana goge na'ura.

"Kwana nawa ka yi a gidan Kawu?"

"Uku."

"A kufai ka kwana uku?"

Bai ɗago ba. "Shugaban ofis ya ce in aka ga gida ko ɗaya, aikin dam zai tsaya shekara biyu. Ke ba ki san zama da manya ba."

"Shi ya sa ka bar ni na sa hannu."

Ranta ya yi ƙuna, har da kunya. Ta tuna yadda ta shanye zumar nan tas tana sa wa Yaya albarka.

Ta koma ciki. Kawu ya miƙo mata taswirar.

"Ɗiyata, ke da kike nan ciki, nemo min wanda ya zana wannan. Ba faɗa zan yi ba. So nake ya dube ni ya ce ba na nan."

Kawu bai iya karatu ba. Babban yatsansa na kan sunanta.