Ranar da Aka Ɗauki Direba

"Maza a kira Direba!" in ji Tela, yana tsugune a tsakar gidan maƙwabcinsa, tef ɗin awo rataye a wuya.

Sai da maganar ta fita ya ji me ya ce. Ai Direban ne kwance a gabansa, gindin famfo, hannu dafe da ƙirji. Baki ne ya saba. Shekara da shekaru, in naƙuda ta tashi ko yaro ya shiɗe a layin nan, Direba ake fara kira, shi ke jan motar asibiti.

Matar Direba tana yi masa fifita da murfin tukunya. "Mota, maƙwabci! Don Allah a samo mota!"

Wace motar? Tun da gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, aka sallami Direba tare da masu shara da ungozoma, motar asibitin unguwa take jibge a bayan ɗakin magani, tayoyi sun kwanta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Tela ya leƙa titi. Rana tsaka, ba kowa sai mai ruwa da kurarsa ta turawa. Suka sauke jarkoki, suka shimfiɗa bargo, suka ɗora Direba. Tela ya kama tura.

"Yau ni ne a hannunka?" in ji Direba, muryar can ƙasa. "Kai da ba ka iya tuƙa komai ba sai keken ɗinki."

"Rufe mana baki, tsoho. Ajiye numfashinka."

Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Idonsa a rufe yake, amma hanyar tana kansa. "Bi hagu, akwai rami. A hankali nan. Mara lafiya ba buhun siminti ba ne."

Suka tarar da ƙofar asibitin da kwaɗo. Maigadi ya taso daga benci yana gyara hula. "Malamar jinya ɗaya ce ta rage mana, asibiti uku take zagayawa. Yau ba ranarmu ba ce." Ya leƙa cikin kurar, sai ya dafe kai. "Subhanallahi! Kai ne?"

Babban asibiti yana can ƙetaren gada. Tela ya ƙara wuta, gumi na shiga idonsa. Mai ruwa yana gefe, matar tana biye, takalmi ɗaya a hannu. Sun kusa gada ƙafar kurar ta faɗa wani rami, gaba ɗaya ta girgiza. Tela ya jira faɗa. Shiru.

"Malam?" in ji matar. "Malam!"

Mai ruwa ya taɓa wuyansa, ya sunkuyar da kai. Matar ta yi salati, ta cire mayafinta ta lulluɓe masa fuska. Tela ya tsaya a tsakiyar titi yana kuka kamar ƙaramin yaro, bai damu da masu kallo ba.

"Kawo in karɓe ka, baba," in ji mai ruwa.

Tela ya girgiza kai. Ya juya kurar suka nufi gida. Yanzu ba saurin da ake yi. Duk ramin da suka iso sai ya rage tafiya, ya kauce masa a hankali.