Madugun da Ya Tsaya a Mataki na Uku

Faruk na cikin danne kusurwar taswira da mataccen batirin waya don kada iska ta ɗage ta, sai ya ji Nagoggo mai faci ya saki salati.

"Kai jama'a! Wa nike gani kamar Kalilu?"

Shi ɗin ne kuwa. Amma ba daga saman babbar motarsa ya diro ba, yana danna ham kamar yadda ya saba. Daga bayan ɗan acaɓa ya sauko, ya tsallaka titi ta tsakanin manyan motocin da suka yi layi a gaban shingen kwastan. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Wata bakwai da ɗoriya ke nan rabonsu da shi, tun ranar da aka rufe iyakar Jibiya yana can ɓangaren Maraɗi. Sai makon jiya aka buɗe.

Aka rungumi juna, aka yi ta gaisuwa. Nagoggo ya duba shi sama da ƙasa.

"Ɗan Maraɗi, sun hana ka tuwo ne ko azumi ka ɗauka ba ka sanar ba?"

"Kai dai har yau cikinka bai ji labarin an rufe iyaka ba," in ji Kalilu. Ya zaro jakar lasisinsa, ya fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya shimfiɗa ta kan tabarma a hankali. "Madugu Agali ya dawo. Ina anka tsaya?"

Faruk ya dubi takardar, ya san matsala ta zo.

Kowace Alhamis bayan la'asar suke haɗuwa a rumfar bayan shagonsa na gyaran waya, suna wasan da suka laƙaba wa suna Ayari. A Katsina ya koyo shi, lokacin da yake karatu, wurin wani abokin kwanansa mai wani ƙaton littafin Turanci. Da ya dawo gida sai ya watsar da littafin, ya rubuta nasa dokokin a littafin makaranta mai shafi sittin. Shi ne mai labari: shi ke faɗin inda ayari ya sauka da abin da ya tare shi. Sauran kowa da mutuminsa a takarda, da suna da sana'a, a jefa dayis ɗin lido a ga ƙarfinsa da wayonsa da iya bakinsa. Duk wanda mutuminsa ya yi abin kirki, Faruk ya ɗauko ƙwallon dabino daga gwangwanin madara ya ba shi. Ƙwallo biyar, mataki ɗaya. Da farko 'yan dako sun ɗauka caca ce, sai da suka ga ko sisi ba ya gilmawa suka koma leƙe suna dariya.

Matsalar ita ce, maharbin Anas da maƙerin Nagoggo sun kai mataki na tara. Madugun Kalilu yana na uku. Yau kuma ayari zai kutsa Birnin Gishiri, inda mai gadin ƙofa kaɗai zai gama da ɗan mataki na uku da bugu guda. Wanda ya mutu kuwa, a gaban kowa ake yaga takardarsa.

Anas ne ya fara magana. Shi ke cika wa 'yan kasuwa takardun fiton kaya, kuma bai taɓa yarda da layin da ba a cike ba.

"Malam Faruk, karanta mashi doka ta bakwai."

Faruk bai buɗe littafin ba, don ya san ta da ka. "Wanda bai zauna kan tabarma ba, ba ya hawa mataki."

"To ka ji," in ji Anas. "Lokacin da matata Salmatu ta haihu na yi fashin mako biyu. Wa ya ba ni ko rabin ƙwallo? Nagoggo har dariya ya yi mani."

"Haihuwa kai ka jawo ta," in ji Nagoggo. "Iyaka fa, Kalilu ya rufe ta?"

"Doka ba ta ce sai in kai ka jawo ba."

Faruk ya yi gyaran murya. "Akwai hanya. A ajiye Agali, ka jefa sabon mutum. Doka ta ce sabon shiga yana farawa mataki ɗaya ƙasa da na ƙarshen ayari. Ka ga na takwas ke nan."

Kalilu ya ɗora tafin hannunsa kan takardar. "In aje shi? Wata bakwai shina aljihuna."

"To ga nawa," in ji Nagoggo, ya kwance ƙullin leda ya turo masa ƙwallayensa. "Ɗauki goma sha biyar. Maƙerina ya sauko, madugunka ya hau, mu haɗu a tsakiya."

Fuskar Kalilu ta canza. Ya mayar da ƙwallayen da bayan hannu, ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci.

"Ba sadaka ta kawo ni ba, Nagoggo." Ya fara ninke takardar. "Na dai zo in gaishe ku. Ƙarfe shida ake rufe ƙofar iyaka, gara in kama hanya tun da rana. Ku yi wasanku."

Faruk ya duba agogon wayar da ke hannunsa. Biyar saura kwata. Ya san Kalilu sarai. In ya tsallaka shingen nan yau da takardar a aljihu, shi ke nan, sai dai a riƙa ɗaga wa juna hannu daga nesa. In kuma ya soke doka ta bakwai don shi, Anas ne zai tattara nasa ya tafi, kuma da gaskiyarsa. Kalilu ya riga ya zura ƙafa ɗaya a takalmi.

Faruk ya ja gwangwanin gabansa ya girgiza shi, kamar yadda yake yi in za a fara. Ya sauya murya zuwa ta mai labari.

"Rana ta yi gora. Ayari na zaune a gindin ganuwar Birnin Gishiri, sai ga wani mutum ya ɓullo daga arewa, a ƙasa, ba raƙumi. Maharbi ya ɗana kibiya. Da mutumin ya matso, sai suka ga Madugu Agali ne, wanda suka tura duba hanya a ƙetaren kogi tun wata bakwai." Ya ɗago ya dubi Kalilu. "Madugu, ina raƙuminka?"

"Faruk, bari wannan."

"Ba Faruk ke tambaya ba. Ayari ke tambaya. Ka tafi da raƙumi da kaya, ka dawo hannu sake. Ina ka shiga?"

"Ni ma dai ina son in ji," in ji Nagoggo da muryar maƙerinsa, wata ƙatuwar murya da ke sa 'yan dako dariya. "Akwai guduma ta a kayan nan."

Kalilu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Wata tirela ta wuce tana huci, rumfar ta girgiza. Sai ya zauna a bakin tabarma, rabi ciki rabi waje.

"Kogi ya cika," ya ce a taƙaice. "Ya hana shi wucewa."

"Me ya ɗauko?"

"Albasa. Buhu ɗari ukku. Ya tsaya bakin kogi shina jiran ruwa ya janye. Anka ce gobe, anka ce jibi. Kwana goma sha tara. Albasa ta fara ruwa, tana ɗiga ta ƙarƙashin... ta ƙarƙashin raƙumin. Ƙudaje ko'ina. Mutanen ƙauyen sunka ce ya matsa da ita nesa da gidajensu."

Ba wanda ya yi dariya.

"Sai mai raƙumin ya zo ya amshe abinshi, ya saida. Ya ce ba shi iya ciyar da dabbar da ba ta tahiya."

"Madugun fa?" in ji Faruk a hankali.

"Ya koma gari. Ya saida wayarshi."

"Madugu da waya?" Nagoggo ya fara, Anas ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Shi ya sa na yi ta kira ba ta shiga," in ji Faruk.

"Na shiga dako a babbar kasuwa," in ji Kalilu, bai ma lura ya bar madugu a baya ba. "Ni da nike biyan 'yan dako su loda mani kamiyo, babbar motata. In na hangi direban da ya san ni, sai in juya buhu ya rufe mani fuska. Akwai ranar da yaron motata na da ya kira ni in ɗaukar mashi siminti. Bai gane ni ba sai da na aje. Na baro kuɗin nan wurinshi, ban waiwaya ba."

Anas ya gyara zama. "Ƙanin matata yana Maraɗi. Ka san shagonshi, kai ka sha kai mashi saƙo. Me ya hana ka je?"

"Na wuce ta ƙofar sau ukku."

"Ka shiga?"

"A'a."

"Masu babur ba su daina ratsa daji ba ko kwana ɗaya. Da ka aiko da takarda, ko baki. Wata bakwai, Kalilu!"

"In ce mi? In ce ku taimake ni?"

Anas ya miƙa hannu ya fizge takardar madugun daga hannunsa. Ya warware ta, ya bi ta da yatsa har ƙasa, inda wani rubutu yake da jan biro. Rubutunsa ne. A dokar Faruk ba mutum ke zaɓar wa mutuminsa aibi ba, wanda ke zaune a hagunsa ne ke zaɓar masa, don in an bar kowa da kansa sai ya rubuta cewa aibinsa yawan kyauta ne. Nagoggo an ba maƙerinsa barci a bakin aiki. Ranar da aka ƙirƙiri Agali, Anas ne a hagun Kalilu.

"Ba ya roƙo," Anas ya karanta. "Wallahi tsokana ce na yi ranar nan." Ya juyo. "Malam Faruk, doka ta huɗu."

Wannan karon Faruk ya buɗe littafin, ya juya shi kowa ya gani. "Duk wanda aibinsa ya ja masa asara, kuma ayari ya shaida, yana da ƙwallo ɗaya."

"Ta bakwai ta ce sai a kan tabarma," in ji Nagoggo.

"A kan me yake zaune yanzu, kan kanka?" in ji Anas. "A nan ya faɗa, a nan muka ji. Miƙo gwangwanin."

Ya karɓa ya fara ajiyewa gaban Kalilu ɗaya bayan ɗaya, yana ambata. Wayar da aka sayar. Shagon da aka wuce, sau uku, ƙwallo uku. Fuskar da aka rufe da buhu. Ladan siminti da aka baro.

"Albasa fa?" in ji Nagoggo.

"Albasa ba aibinshi ba ne, kogi ne. Ba ta shiga." Ya dubi Kalilu kamar yadda yake duban ɗan kasuwar da ya ɓoye kaya. "Saura me? Kada ka rage, kada ka ƙara."

Kalilu ya sunkuyar da kai, ya faɗi wasu. Da sallar da ya yi bai je gidan yayarsa ba don kada ta ga halin da yake ciki, da zazzaɓin da ya kwantar da shi mako guda bai bari maƙwabci ya sani ba. Anas ya ƙi amincewa da guda biyu, suka yi musu har da rantse-rantse. Da aka gama, ƙwallo goma ne cif.

"Mataki na biyar," in ji Faruk, yana gogewa yana rubutawa. "Ba na tara ba ne. Mai gadin ƙofa zai iya kashe ka har yanzu, amma sai ya yi bugu uku."

"Ya isa," in ji Kalilu. "Nawa ne, ba na kowa ba."

"Wanda ya hau mataki yana zaɓar sabuwar gwaninta. Sharaɗi, sai daga abin da ya same shi a hanya."

Kalilu ya yi tunani. "Rubuta dako. Shina iya saɓa ƙato a kafaɗa ya yi gudu da shi."

"Alhamdu lillahi!" in ji Nagoggo. "Maƙerina ya samu gado."

Dariya ta ɓarke har 'yan dakon da suka taru a bakin rumfa suka taya su. Faruk ya gyara taswira, ya jera musu murafun kwalba uku, masu wakiltar mutanensu, a ƙofar birnin. Mai gadi ya fito da kulki mai ƙaya. Maharbi ya harba ya kuskure, Anas ya zargi tabarma da karkata. Maƙeri ya jefa ɗaya, barci ya kwashe shi a tsaye.

Suna cikin haka aka busa usur daga wajen shinge. Masu babura suka fara rige-rigen wucewa, wani direba na ta danna ham. Faruk ya duba waya. Shida saura minti biyar.

"Kalilu," ya ce da muryarsa ta kullum, "za su rufe."

Kalilu ya leƙa titi. Ɗan acaɓan da ya kawo shi yana ɗaga masa hannu daga tsallake. Ya dubi taswira, inda murfin kwalbarsa yake tsaye tsakanin mai gadi da maƙerin da ke minshari. Ya ɗaga hannu ya sallami ɗan acaɓan, ya cire takalmin da ya rage a ƙafarsa, ya matso tsakiyar tabarma.

Ya ɗauki dayis ya riƙe a tafinsa, bai jefa ba. Bai dubi kowa ba da ya yi magana.

"Anas. Akwai wuri a zaurenka yau?"

Anas ya ɗauko wayarsa ya fara laluben lambar Salmatu.

"Akwai," ya ce. "Jefa mana, malam, kafin a fasa wa maƙerin nan kai."