Bugu na Uku

Ina tsaye da kofi a hannu, idona a rufin ɗaki, ina jiran bugu na uku. Shiru.

Tun da na tare a ƙasan ɗakin Darakta Brisset a nan birnin Lyon, haka safiyata take farawa: ƙwanƙwasa a jere da sauri-sauri, sannan uku masu nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ba a halicce ni da haƙurin rashin sani ba. Ko sati ban yi ba na hau na tambaye shi wace ƙusa ce ta ƙi shiga.

Ya nuno mini doguwar sanda mai kan jan karammiski. Ya ce da ita ake dukan dandamali a gidan wasan kwaikwayo kafin a ɗaga labule, kuma tun yana saurayi yana wasa har ya zama mai tsara wasannin bai taɓa buɗe labule ba a buga ba. Yanzu labulen tagarsa kawai ya rage masa, mutanen titi su ne 'yan wasan. Mai burodin da ke tsallaken titi ma, in ji shi, ya cika zaƙewa.

Bara ya faɗi a matakala. 'Yarsa Solange ta zo da maganar gidan tsofaffi, ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Da ƙyar suka daidaita: muddin ina jin bugu uku, zai ci gaba da zama a ɗakinsa, ranar da ban ji ba kuwa, in ta kira in gaya mata, ta zo da mota ta ɗauke shi.

Bayan ta tafi ya ce, "Madam Odile, ranar da hannuna ya gaza, ki yi mata ƙarya."

"Darakta, ni ba 'yar wasa ba ce."

"Ke? Na ga yadda kike sharar matakala, kunnenki a ƙofar mutane. Kin iya."

Yau ga shi biyu kawai na ji. Na ajiye kofin na hau da mabuɗin da ya ba ni.

Yana zaune a kujera gaban taga, ya sa kwat, ya taje furfurarsa. Sandar ta zame ta jingina da gwiwarsa. Na taɓa hannunsa, da sauran ɗumi, amma ya riga ya tafi. Ban san na shaƙu da tsohon nan haka ba sai da na ga ina gyara masa wuyan kwat ɗinsa.

Wayata ta yi ƙara. Solange ce, tana tambaya ko Baba ya buga.

Na ce, "Ki taho, Solange. Amma babu inda za a kai shi."

Ta gane.

Na ɗauki sandar, ashe nauyi gare ta. Na daki ƙasa sau ɗaya da ƙarfi, sannan na yaye labulen. Rana ta sauka a kan takalmansa da suka sha guga. Can tsallaken titi mai burodi ya ɗaga kai kamar kullum, ya cire hularsa, ya rusuna wa tagar.