Sha Shida da Sittin da Ɗaya

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Alhaji Ya'u ɗan majalisa ya bar Gawuna ya tare a Nassarawa GRA. Burinsa ɗaya: mahaifiyarsa, Hajiya Luba, ta zauna tare da shi. Da ƙyar ya lallaɓo ta, ya ba ta ɗaki mai na'urar sanyi, wadda ke nuna 16 da jar lamba.

Ana tsakiyar bazara, amma tsohuwa ta duƙunƙune cikin bargo, haƙora na kaɗawa.

"Sha shida! Ni gawa ce da za a ajiye ni a ƙanƙara? Gobe zan koma Gawuna."

Hankalin Alhaji ya tashi. Kashe na'urar kuwa bai ma zo masa a rai ba. Me maƙwabta za su ce in suka ji shiru a gidan ɗan majalisa?

Sai ɗansa Nabil, wanda ya dawo daga karatu a Amurka, ya kawo shawara. Akwai maɓallin da ke juya awon daga na Salsiyos zuwa na Farenhait, irin na can.

"Kai, ba ƙarya ba ce? Ka san zamanin da muke ciki."

"Baba, sanyin ɗaya ne. Ƙidayar ce ta bambanta."

Nabil ya danna. Lamba ta koma 61.

Hajiya ta ƙura mata ido. Kullum tana jin rediyo, ta san ko ranar da kwalta ke narkewa zafin Kano ba ya kai hamsin. Ta yi jifa da bargo, ta jawo mafici. Wallahi har gumi ya karyo mata.

"Kai, mijin banza," ta ce da jikan nata, "dafa ni ka zo yi?"

Kafin azahar ta hau tasi da ƙullin kayanta.

Alhaji ya bi ta Gawuna kamar zai yi kuka. Ya tarar da ita a tabarma ƙarƙashin darbejiya, rana kamar ta fasa kai, rediyo a gefenta.

"Inna, ki yi haƙuri ki dawo. Faɗi lambar da kike so, a sa miki."

"Arba'in da biyu suka ce yau. Ba sha shida ba, ba sittin da ɗaya ba. Daidai ɗan Adam." Ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa masa wuri. "Cire babbar rigar nan ka zauna. Duk ka ƙanjame a gidan can."